Tumbin da Na Ɗauka Jari Ne

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Daga Bagwai, zuwa ga ɗana Abba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaida Hauwa'u, da fatan kun tashi lafiya a sabon gidanku na Bacirawa. Allah ya sa kun shiga da ƙafar dama, ya tsare ku daga sharrin hanya da na mugun maƙwabci, ya sa rumfar nan ta kasuwar hatsi ta Dawanau da na bar maka ta zame maka alheri. Innarka tana gaishe ku.

Labarin gida ba zan ba ka ba, kana da waya. Abin da ya sa na ɗauki biro, maganar da zan yi ba ta yiwuwa ido da ido. In na fara za ka sunkuyar da kai kana murmushi kana cewa "To Baba, to Baba," ni kuma kunya ta kama ni in koma zancen farashin wake.

Ranar da kuka tare ina zaune a dakali ina kallonka. Katifa ɗaya da akwati biyu ka ɗora a mota, ka dawo ka zauna kana haki, rigarka ta jiƙe sharkaf. Shekararka ashirin da bakwai, Abba. Bayan kun tafi innarka tana sharar ɗakinka ta tsinci wani kwali, ta kawo mini wai in duba ko maganin basir ne. Na karanta, ashe shayin rage ƙiba ne, wai kwana bakwai ka koma kamar saurayi. Na yi dariya har ta tambaye ni lafiya. Daga baya dariyar ta tsaya, don na tuna a kan bencin da za ka zauna yanzu na tara nawa tumbin, kuma ni ban je can da rabin jikin da kake zuwa da shi ba. In ka bi sawuna a wannan, kafin ka kai arba'in gwiwarka ta tafi, jininka ya hau. Shi ya sa zan zayyana maka wautar da na yi ɗaya bayan ɗaya. Ka yi dariyarka, ba na kusa.

Da na fara zuwa Dawanau kamar sillen kara nake. Fartanya ta tsotse ni tas. Wata rana wani baƙo ya shigo da mota cike da wake daga Maraɗi, na tare shi da fara'a, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ina dillalin?" Na ce ai ni ne. Ya ce, "A'a, babban nake nema." Ya wuce ni ya tafi rumfar Alhaji Tanko, mutumin da in ya zauna a benci babu mai samun gefe. Ranar na ƙudura a raina sai na yi tumbi. Kuma na yi. Da ya fara turo riga har shafa shi nake in ana ciniki, don baƙo ya san yana magana da wanda ya ƙoshi, ba wanda zai gudu da kayansa ba. Ba zan yi maka ƙarya ba, tumbi yana jawo baƙo karo na farko. Amma na zauna a kasuwar nan shekara talatin, ban ga tumbin da ya dawo da baƙo karo na biyu ba. Cikakken awo ne yake dawo da shi, da faɗin gaskiyar farashi ko da ba ta yi maka daɗi ba. Alhaji Tanko yana gida yanzu, ciwon suga ya ci ƙafarsa guda, baƙinsa duk sun koma wajen Malam Iro wanda in ya juya gefe sai ka neme shi. Ka je ka gaida Alhajin, mutumin kirki ne. In ka fito ka yi tunani.

Na biyu, ɗanɗano. Ka san aikinmu, ba ka sayen buhu sai ka soka ƙarfe ka zubo a tafin hannu ka tauna, ka ji ko ya bushe, ko akwai ɗaci, ko tsohon kaya ne aka shafe masa fuska. Gero da dawa ba su da matsala, ƙwaya biyu ka fasa ka tofar. Amma gyaɗa fa? Riɗi fa? Aya? Ni cikin hannu nake watsawa a baki in haɗiye. Mota guda ta gyaɗa, buhu nawa ne? Kuma ko an gama ciniki hannun ba ya tsayawa, kana hira yana zuwa bakin buhu da kansa. Da likita ya tambaye ni me nake ci, na rantse masa sau uku ne a rana kamar kowa, kuma har zuciyata gaskiya nake faɗa, don ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ci ba. Aiki ne a wajena. Sai da wani abokina, Ɗanjuma mai riɗi, ya zauna kusa da ni wuni guda, duk sanda na kai hannu baki sai ya ɗebi daidai wannan ya zuba a kwano. La'asar na yi ya turo mini kwanon ya ce, "Alhaji, ga abincin da ba ka ci ba." Ya kusa cika, Abba. Gyaɗar da mata za su matse su fid da mai. To ka tauna ƙwaya biyu ka tofar, harshe ne yake aikin, ba ciki ba. Kuma ka ja bencinka nesa da buɗaɗɗen buhu, yadda sai ka miƙe kafin ka kai hannu. Kasala ma tana da ranarta.

Na uku shi ne babba, kuma shi zai fi ba ka wuya, don ba kwaɗayi ba ne, mutunci ne. Baƙon da ya sauka a rumfarka, cinsa yana wuyanka. Kuma ba a ajiye wa baƙo kwano a koma gefe ana kallonsa, sai ka wanke hannu ka sa tare da shi, in ba haka ba ya ce ka raina shi, ko ya fara tunanin me aka zuba a ciki. To a kaka baƙi ba sa zuwa tare. Na Maraɗi ya iso da hantsi, a kawo waina da miyar taushe, mu ci. Na Gaidam ya iso da azahar, shinkafa da wake da mai da yaji, mu ci. Kafin la'asar ga mutumin Ibadan, shi kuma sai da nama, a aika a kawo balangu da lemon kwalba mai sanyi, mu ci. Kowane baƙo sau ɗaya ya ci. Ni na ci sau uku, wata rana huɗu. In dawo gida kuma ga tuwon innarka, wanda barinsa ma wata shari'a ce.

Na daɗe kafin in gano dabarar, ga ta nan kyauta. Ka wanke hannu, ka yi bismillah da ƙarfi ya ji, ka kai loma ta farko tare da shi. Haƙƙin baƙunta ya sauka ke nan. Daga nan sai ka jefa masa tambaya. Yaya hanya, shingen jami'ai nawa kuka wuce, yaya aka ƙare da rigimar gonar nan. Ba a yi fataken da ba ya son ba da labarin wahalar hanya ba. Yana magana yana ci, kai kana "Ikon Allah!" kana tura masa nama gabansa. Loma uku za ka yi a kwanon nan, zai tashi yana cewa bai taɓa ganin mai karamci irinka ba. Lemo kuwa ka buɗe masa, kai ka riƙe ruwa. In ya matsa ka ce likita ne. Ba ƙarya ka yi ba, duk likitan duniya zai sa hannu.

Yanzu bari in zo kan ɗan'uwan shayinka. Wata shekara 'yan rumfa suka yi mini tsiya, suka ce in hau sikelin buhu. Na hau don a yi raha. Mai awo ya duba ya ce, "Buhun masara guda da ɗoriya, a kawo 'yan dako biyu." Aka kwashe da dariya har da ni, amma abin ya tsaya mini a rai. Ranar nan wata mota mai lasifika ta shigo kasuwa, mai magani yana rantsuwa jarka ɗaya tana narkar da teɓa kamar man shanu a rana. Ni da nake sayar wa mutane kaya da baki, ni da na san yadda ake yi wa tsohon wake kwalliya, na bi motar nan ta bayan layi don kada a gan ni, na saya. Kai dai bari. Kwana biyar na fi zama a bayan gida fiye da rumfa. Na haɗa da ƙin cin abinci, sai ruwan zafi. Na rame kuwa, idanu suka faɗa, wuya ya fito, riga ta koma kamar ta aro.

Ka san me ya biyo baya? Kasuwa ba ta ganin rama ta ce lafiya ce. Cikin mako biyu magana ta zaga cewa na karye. Wasu suka ce ciwo ne ake ɓoyewa. Baƙona na shekara tara ya wuce ta gaban rumfata ya ɗaga mini hannu daga nesa, ya kai kayansa wani wuri. Da na ji haka na tsorata, na koma kan abinci da hannu biyu don in nuna wa duniya ina nan da ƙarfina. Wata uku, abin da ya tafi ya dawo har da rakiya. Ka ga na sha wuya, na rasa baƙo, na ƙara ƙiba. Cinikin da ya fi wannan muni ban taɓa yi ba.

Saboda haka ka zubar da shayin nan in akwai saura a jakarka. Abin da ka tara a shekara biyar ba zai bar ka a kwana bakwai ba, duk wanda ya ce maka zai bari, jakarka yake so ta rame. Kuma ga wani amfanin ragewa a hankali da likita ba zai gaya maka ba, sai ɗan kasuwa: ba mai lura. Ka ga yadda farashi yake, in ya faɗo rana ɗaya kowa sai ya ɗora hannu a ka, in kuwa yana sauka kaɗan-kaɗan har ya kai ƙasa ba wanda ya yi ihu. Ni da na zo yin ramar gaskiya, duk bayan wata uku nake kai wa tela rigunana ya ɗan rage su. Riga tana bin jiki, ido bai ga komai ba. Sai bayan shekara biyu Ɗanjuma ya ƙura mini ido ya ce, "Wai Alhaji, ina sauranka?"

Akwai kuma wautar azumi. Duk shekara sai in ce to bana watan Ramadan zai yi mini aikin. Ana kiran magariba in zauna gaban ƙosai da kunun gyaɗa mai suga da soyayyen dankali da ƙwai, in ci kamar ana kora ta, in kasa tashi tarawihi. Ranar salla rigar bara ta ƙi shiga. Har ƙaryar azumin nafila na taɓa yi don in kauce wa kwanon baƙo, Allah ya yafe mini. Na ce masa ina azumin Alhamis, bayan awa guda ya zagayo bayan rumfa neman buta ya same ni da robar fura a baki. Ya ce, "Alhaji, a garinku da wuri rana take faɗuwa." Har yau in mun haɗu sai ya tambaye ni ko an sha ruwa. Azumi na Allah ne, ka yi shi don Allah, in jiki ya samu rabonsa alhamdu lillahi. Amma kada ka mai da shi maganin tumbi, kada kuma ka yi ƙarya da shi.

To me ya yi aiki? Abubuwa ne ƙanana har kunyar faɗarsu nake. Mai shayi yana zuba mini suga cokali huɗu, na ce ya mai da uku. Na yi wata guda a haka har bakina ya manta, sannan na ce biyu. Ban taɓa abu biyu a lokaci guda ba, sai ɗaya ya zauna ya zama hali nake kama na gaba. Mashin ɗina da nake shiga da shi har bakin benci, na fara ajiye shi a bakin titi wajen mai gadi in taka zuwa rumfa. Satin farko sau biyu nake tsayawa a hanya, in yi kamar ina duba kayan wani. Na bar masallacin da yake jikin rumfarmu na koma na can layin 'yan dawa, azahar da la'asar, tafiya da dawowa. Mutane suka ce na canza malami, na bar su a haka. In an ce ga kaya a wani layi, na daina cewa a kawo mini samfur, ni nake zuwa. Nan ma na ci riba biyu, don wanda ya je da ƙafarsa yana ganin buhun da aka ɓoye a baya. A gida kuma malmala uku ta koma biyu, miya ta ƙaru, zogale da rama da nake cewa abincin awaki ne suka dawo gabana. Ban bar tsire ba, kada ka ji tsoro. Ranar Juma'a nake ci, kuma ya fi daɗi yanzu da nake jiransa.

Za ka yi tuntuɓe. Za a yi biki ka ci har ka kasa numfashi. Ni da, in haka ta faru sai in ce shi ke nan na ɓata, in saki komai har wata shida. Wauta ce. In buhu ɗaya ya jiƙe ba ka buɗe rufin sito ka ce ruwa ya gama da sauran. Gari ya waye ka koma kan cokalinka biyu kamar ba a yi ba. Kuma ka je asibiti a auna jininka da suga yanzu, tun kana zuwa da ƙafarka, ka riƙa komawa. Ni sai da jiri ya kayar da ni a kan buhunan gero aka kai ni.

Sai maganar Hauwa'u. Amarya ce, kuma ka san mutanenmu, in ango bai yi kumatu a wata uku ba sai a ce ba ta iya girki ba. Za ta cika maka kwano don ta fita kunya. Ni da na fara rage ci ban gaya wa innarka dalili ba, girman kai ya hana ni. Kwana da kwanaki tana ɗauke kwano da saura, tana canza miya, tana ƙara man shanu, ni kuma ina ƙara turewa. Wata rana na same ta a madafa tana share ido da gefen zani, ta ce, "Malam, shekara ashirin kana cin tuwona, yau ne hannuna ya lalace?" Na ji kamar in nutse. Da na zaunar da ita na yi mata bayani, ita ta fi ni tsanani, har ɓoye gwangwanin suga take. To ka zauna da matarka tun yau, ka yabi girkinta da baki, ka ce mata taimako kake nema. In dangi sun yi mata tsegumi ka ce umarnin Baba ne, su zo Bagwai su same ni.

Saura abu ɗaya. Kowa yana zaton faɗuwar da na yi a kasuwa ce ta juya ni. Ba ita ba ce, bayan an sallame ni ma na koma ruwa. Abin da zan gaya maka ko innarka ba ta sani ba, tunda mata ba sa zuwa maƙabarta, kai kuma kana makarantar kwana a lokacin.

Ranar da kakarka Iya ta rasu, aka yi mata salla a ƙofar gida, aka ɗauki makara. Ni ne babban ɗanta, ni na kama gaba ta dama. Ka san tsakanin gidanmu da maƙabarta, tafiyar da kuke yi da gudu kuna yara. Kuma ka san ba a jan ƙafa da gawa. Ban kai gonar Malam Audu ba ƙirjina ya ɗaure, makarar ta karkata ta wajena. Baffanka Sale ya sa kafaɗa ya karɓe ni. Na ce bari in bi a baya. Bayan ma ta gagare ni. Tsofaffi masu sanda suka wuce ni. Na zauna a gindin ɗorawar nan ta kan kwana ina haki, ina kallon mutane suna yin nisa da uwata, matar da ta goya ni ta kai ni gona ta dawo da ni ba ta taɓa ajiye ni a hanya ba. Da na samu na lallaɓa na isa, an riga an jera itace ana zuba ƙasa. Ban sa ta a makwancinta ba. Ban ga yadda aka kwantar da ita ba. Mutane suka buɗa mini hanya, wani ya ce, "Alhaji kuka ne ya tsayar da shi," kowa ya gyaɗa kai. Suka rufa mini asiri, kuma duk sun san ba kuka ba ne.

Washegari na ce wa mai shayi cokali uku.

Ban gaya maka don ka ji tausayina ba. Shekara uku na yi ina abin nan kaɗan-kaɗan, yau ina zuwa gona in dawo a ƙafa, ina sujada goshina a ƙasa ba a kan kujera ba, na gode Allah. Amma waccan tafiyar ba a maimaita ta. Kai kuwa taka tana gaba. Rai a hannun Allah yake, ban san wa zai riga wani ba, amma in aka bi yadda aka saba, wata rana kai za ka kama gaba ta dama. Ba ni da nauyi yanzu, na rage maka aiki. Abin da nake roƙo, ka kai ni har can da ƙafarka, kada ka miƙa ni ga kowa a hanya. Kuma ba na gaggawa, kana da lokacin shiri. Ka fara gobe da rage cokali ɗaya.

Allah ya tsare fitarka da shigarka, ya kare ka a titin nan na Dawanau da manyan motocinsa, ya ba ka baƙi masu amana, ya ba ku lafiya mai amfani kai da iyalinka. Allah ya yi maka albarka, ya jiƙan Iya da sauran magabatanmu. Ka gaida Hauwa'u, ka gaida Ɗanjuma, amma kada ka nuna masa takardar nan.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinka.